Rai Uku

A Adum, ƙarƙashin benen masu gyaran waya,
na kai tawa, bakin cajinta ya saki.
Yaron, Fuseni, mai haƙorin azurfa,
ya ce, "Baba, in zuba maka wasannin zamaninku?
Guda dubu biyu, sidi ashirin."
Na ce, dubu biyu a cikin me?
Ya nuna mini wani ɗan baƙin abu
da bai kai farcen ƙaramin yatsana ba.

Ni da na san nauyin kaset guda!
A Aboabo, shagon Issaka mai aski,
bayan labule, talabijin mai ƙusumbi
wadda sai an mare ta take kawo hoto.
Mu hura kaset, fu, fu, kamar masu tofi,
mu goga a riga, mu cusa, mu riƙe numfashi.
Kuɗin kokon safe muke zubawa,
ni da Mumuni, mu yini ciki na ƙugi.
Rai uku ake ba ka.
In sun ƙare, ka koma bayan layi.
In wuta ta ɗauke, sai haƙuri,
Issaka bai san mayar da kuɗi ba.

Yau ga shi duka a tafin hannuna,
cikin trotro, daga Kejetia zuwa gida,
kiɗan nan siriri kamar kukan gyare,
har mai kifin da ke gefena ta leƙo:
"Alhaji, da girmanka?"

To, bari in faɗi nawa, ko ba a tambaye ni ba.
Gilashi ba maɓalli ba ne.
Babban yatsa na son ya danna, a amsa masa,
ba ya yi ta sulɓi kamar kaza a kan tire ba.
Wayar yau an liƙe mata baya,
ba ka ganin batirinta har ta mutu.
Ta faɗi sau ɗaya, ta tsage kamar ƙwai.
Tsohuwata ta taɓa faɗawa kwata a Asawase,
na shanya ta a kan kwano, da la'asar ta tashi.
Wannan kuwa duk wata sai ta ce a sabunta ta,
ta cinye data,
ta wayi gari da ciwon jiki.

Zuwera, 'yata, shekararta tara,
ta karɓa ta yi minti biyu tana latse-latse.
"Baba, ba ka ga wannan ba?
In ka mutu, sai ka ja baya."
Ta faɗa rami da gangan,
ta jawo lokaci kamar mai jan guga,
ɗan mutumin ya fito, ko ƙura babu a jikinsa.
Na ce, wannan ha'inci ne.
Ta ce, "Wa aka cuta?"

Da dare ya raba, gida ya yi tsit,
sai na yi ha'incin.
Sau arba'in dodon ƙarshe ya kashe ni,
sau arba'in na miƙe.
Ya faɗi. Ƙofar ta buɗe.
Shekara talatin ina son ganin abin da ke bayanta:
layi uku ne, a harshen da ban iya ba,
sai sunayen baƙi suna ta hawa sama.

A kusurwar dama wani ɗan rubutu
yana ta ƙyafta ido,
yana jiran mutum na biyu ya shigo.

Mumuni ya bi motar hamada
shekarar da aka canja kuɗi.
Ba wasiƙa, ba gawa.
Uwarsa har yau ba ta sauya lamba ba.

Na lalubi wurin jan baya, na danne shi.
Sunayen suka sauko,
ƙofar ta rufe,
dodon ya miƙe tsaye.
Na ci gaba da dannawa.
Iyakar inda yake kaiwa ke nan.