Ƙota Ɗaya, Baki Uku

Baffa Jibo bai bar gona ba, bai bar saniya ba.
Abin da ya faɗo rabona ranar rabon gado
akwatin katako ne mai warin man keken ɗinki.
A ciki, naɗe da tsohuwar hular sanyi,
ƙota ɗaya wadda tafin hannu ya cinye wa fenti,
da baki uku kwance a jere
kamar 'yan ɗaki ɗaya a kan tabarma.

Shekara talatin yana gadin dajin Yankari.
Da ya tuɓe kaki ya dawo Alkaleri
ita kaɗai ta biyo shi gida,
ita da takardar lasin da ninki ya huhhuda.

Kowane baki da sunansa.
Dogo na Asabar ne, bayan la'asar, bayan gari:
gwangwanin madara a kan suri, taku arba'in.
Sai ya karya ta kamar mai karya rake,
ya zura harsashi ɗaya, ya rufe, ƙas,
sannan ya tsaya.
Ya tsaya har ƙuda ya sauka masa a wuyan hannu, ya huta, ya tashi.
Ni kuwa na toshe kunne tun da wuri,
har yatsuna su gaji in saki,
a daidai nan take magana.

"Mai harsashi goma da yatsa yake tunani," in ji shi.
"Mai guda ɗaya sai ya yi shawara da ransa."

Gajere na kububuwa ne a gindin rumbu.
Sau biyu na ji muryarsa,
sau biyun kuma Inna Dudu ta yi kwana uku ba ta kula Baffa ba
saboda kajinta sun daina ƙwai.

Na ukun Bebe muke ce masa.
Harsashinsa ya ƙare a kasuwa tun ban zo duniya ba,
kantin da ke sayarwa ya koma shagon faci.
Amma duk Juma'a shi ake fara gogewa,
tsumma a kan tsinke, shiga, fita,
a ɗaga shi sama a leƙa rana ta cikinsa.
Na taɓa tambaya, mene ne amfaninsa?
Baffa ya ce, "Kai da kake zaune kana cin gyaɗata fa?"

Bayan sadakar arba'in na fita ni kaɗai.
Surin ya ƙara tsawo, ko ni ne na rage.
Na ɗaura Dogo a ƙota yadda na ga ana yi,
na ƙirga taku, na rufe ido ɗaya,
na yi ƙoƙarin tsayawa irin tasa.
Ban kai ƙuda ya sauka ba.
Ƙasa ta tashi kamu biyu hagu da suri,
hasbiya ta bar tsamiya,
gwangwani ko gezau.
Sai hayaƙin ya dawo mini a fuska,
na gane ashe albarushi ne
ƙamshin nan na rigarsa da nake zaton turare.

Lasin ba a gadonsa, haka aka gaya mini.
Ran Litinin na shiga motar Bauchi, akwati a cinya.
Kofur ya baje su a tebur, ya ciji murfin biro:
"Malam, ɗaya zan rubuta ko uku?"
Na ce ya rubuta ɗaya.
Ya ɗauki Bebe, ya juya shi, ya leƙa taga ta cikinsa.
"Wannan tsaf yake, kamar ba a taɓa harba shi ba."
Na ce a gabana dai ba a taɓa ba.

Akwatin sun bar mini.
Yanzu zare da allurar Inna Dudu ne a ciki,
da kwanson harsashi ɗaya da ban faɗa wa kofur ba.