Ashirin da Uku, da Ɗaya

Ranar Laraba nake tura kekenta,
mu gangara ta bayan shagon burodi
zuwa cocin ƙauyen, mai hasumiyar duwatsu,
a nan Norfolk, inda ruwan sama ba ya sallama.
Aikina jinya, awa huɗu ake biyana.
Ita Muriel Gotts, casa'in da ɗaya,
a cinyarta gwangwanin man goge tagulla
da tsumman da aka yago daga rigar mijinta.

Cikin cocin sanyi kamar gindin randa.
Kujeru na mutum ɗari biyu, masu zuwa Lahadi tara.
Nakan gyara mayafina, in taka a hankali,
ɗakin ibadar wani ba wurin gaggawa ba ne.

Allon yana bangon arewa, sunaye ashirin da uku.
Hannunta ya daina kaiwa, sai nawa.
Ni ke gogewa, ita ke kira, ido a rufe:
"Cyril Bullimore. Ɓarawon tuffa, in ji uwata.
Leonard Cubitt, ya tafi bai gama biyan kekensa ba.
Howes, Howes, Howes.
Ciki ɗaya, wasiƙa uku.
Uwarsu ba ta ƙara gaida masinja ba."
Allo ya ce jarumai.
Ita ta ce yaran unguwa.

A na goma sha ɗaya takan haɗiye yawu.
"Horace Gotts. Boma."
Babanta. Tana da shekara goma.
Abin da ya rage mata: warin taba a kwat,
da fiton da yake yi in yana aske gemu.

Boma.
Tsummana ya tsaya a kan harafi.
Na ce mata kakana ma ya je.
Ya dawo da kunne ɗaya a toshe
da lambar yabo a tsohon gwangwanin sukari.
In an yi tsawa, sai a same shi bayan rumbu.
Ya koma gonar gyaɗa, ya rasu da damina,
aka kafa fasasshen tulu a kansa,
ruwan shekara uku ya daidaita wurin.
Mu ba ma rubuta mamatanmu a bango,
a baki muke ajiye su,
baki kuwa shi ma ƙasa ke jiransa.

"Sunansa?"
Kofur Jatau Kankiya.
Ta juya shi a baki kamar ƙwallon dabino.
"Ƙila sun sha ruwa a rafi ɗaya," in ji ta.
Ƙila.
Ban ce mata tukunyarsu ba ɗaya ba ce,
ban ce albashinsu ba ɗaya ba.
Na ƙara mai a tsumma, na ci gaba.

Bayan Kirsimeti kanta ya fara yoyo.
Ta kira ni da sunan ƙanwarta,
ta nemi mijinta a cikin firij.
Duk da haka Laraba ba ta ɓace mata ba,
tun asuba gwangwanin yana hannunta.

Yanzu ni ke gogewa, ni ke kira.
Harshen Bakatsiniya na tuntuɓe da Bullimore,
na gaya mata wanda ya saci tuffa,
na gaya mata wanda ake bi bashi.
Na zo kan Horace, na dakata.
Ta dube ni kamar na ambaci baƙo.
Na yi mata fito kaɗan, ban iya ba.
Na kai ashirin da uku, na rufe gwangwani,
na saki birkin keke.

Ta kama hannun rigata da yatsu biyu.
"Kin tsallake ɗaya."
Na duba allo, na ƙirga, sun cika.
"A'a," ta ce, tana nuna bango,
can ƙasa, inda babu komai sai farar ƙasa,
"mai kunnen nan. Jato."

Na buɗe gwangwanin.
Na goge wurin.