Wasan Da Ba A Naɗa Ba

Ni na riƙe kyamara ta biyu
shekara tara, kowane daren Asabar.
Ba gwaji, ba a sake ɗauka,
abin da ya faru nan shi ya faru a Mabera,
inda talabijin ɗaya ke bisa turmi
unguwa guda na zaune ƙasa.

Da farko masu barkwanci ne, da mai kukuma.
Sai jama'a suka ƙoshi da dariya.
Muka kawo 'yan tauri,
wuƙa ta lanƙwashe a cikin Jabbi kamar ganyen rama.
Muka kawo gardi, kububuwarsa ta ɓace bayan labule,
mai karanta labarai ya kwana biyu
ƙafafunsa bisa kujera.

Sai Nomau, ɗan hoto daga Dange.
A fili yakan cilla garma har ta zama tsuntsu,
ya tare ta da ƙirji yana kirari.
Ba wanda ya auna masa rufin ɗakinmu.
Garma ta daki fitila, ta canza shawara.
Cikin kunnena darakta na cewa: kar ka kauda.
Ban kauda ba.

Tun ran nan shirin ya koma kacici-kacici.

Jiya na gan shi a Kara yana auna albasa,
kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya kusa da ƙasa.
Jikansa ya miƙo mini waya:
Baba, tura mini bidiyon.
Na ce ba faifai, yaro, ba mu naɗa ba.
Nomau ya yi dariya, ya ƙara mini uku gyara.