Rai-ɗore

Bayan gidanmu na Birni, inda ake zubar da toka,
nan ka tsiro, tsakanin dutse da fasasshen kasko.
Ba wanda ya shuka ka, ba wanda ya ba ka ruwa.
Akuyar Malam Bara, mai cin takarda da tsumma,
ta sansana ka, ta kau da kai.

Iya Cima kaɗai ke gaishe ka.
In damina ta yi tsaka, tapki ya cika,
sauro ya kafa kasuwa a kunne,
sai ta gyara ɗaurin zane, ta tsinko ganyenka
tana gunaguni:
wari gare ka, ja'iri, amma ka fi mai ƙamshi rana.

Ina tuna tukunya tana huci,
ni a tsugune cikin bargon Baba,
duhu, tururi, gumi yana bin haƙarƙari,
ita ta take gefen bargon kada in tsere.
Sannan rabin ludayi, ɗaci har ƙeya.
Da asuba na nemi kunu.

Mutari ma haka aka yi masa.
Tukunyar nan, bargon nan, hannun nan.
Kwana huɗu.
Ran na biyar aka ɗauko amalanke za a kai shi likita,
ba su fita Birni ba suka juyo.
Tun ranar Iya ta bar kiran sunanka.
Sanga-sanga take cewa, a taƙaice,
amma ba ta bar tsinka ba.

Yau ina bayan kanta a Sabon Gari
ina ƙirga ƙwayoyi cikin leda,
ina ce wa mata: ku fara zuwa a auna jini,
kada ku kwana da zazzaɓin yaro.
Gaskiya nake faɗa. Na san abin da ta ci mana.

Jiya da la'asar muka bi ta tsohon gidan, ni da Falmata.
An shafe siminti, an sa ƙofar ƙarfe,
amma ga ka can gindin dutsen
da furenka rawaya, ko kunya babu.
Ta murza ganye, ta toshe hanci:
Baba, mene ne wannan mai wari?

Suna biyu suka taru a bakina.
Na daɗe ina zaɓe.
Rai-ɗore, na ce.
Ta maimaita tana dariya,
ta goge hannunta a rigata.