Ranar da Jarkuna Suka Yi Magana

Ni ne Ilu, ɗan garuwa daga Garin Malam.
Shekara goma sha tara ina tura baro,
na san ƙofar da ke biya, na san mai cewa sai gobe.
Ban taɓa shiga zanga-zanga ba.
Mai neman na tuwo ba ya tsayawa kallon kokawa.

Da suka zo, sai aka ce mana baƙi ne.
To, Damagaram ta san baƙo:
a shimfiɗa tabarma, a miƙo ruwa a ƙwarya,
a tambaye shi gajiyar hanya.
Wannan kuwa da waya mai ƙaya ya sauka,
ya kewaye gonar su Barma har da kukar da ke tsakiyarta,
ya kafa fitilar da ke hana jemagu kiwo,
ya ce tsaronmu ya zo yi.
Damina uku yana tsaron nan,
mu ke nuna masa takarda
kafin mu wuce mu gai da kabarin iyayenmu.

Ruwa ne ya fasa tulun.
Garinmu a kan dutse yake zaune, kowa ya sani,
pampo sai ya ga dama yake tari da asuba.
Amma tankokinsu shida ne a jere, kullum cike,
kuma wani direba ya rantse min
da shi ake wanke tayoyin mota.
Ran nan na sayar wa Tsahara mai jego
jarka ɗaya dala sittin.
Ta ƙirga, ta miƙo, ni kuma na karɓa.
Abin da ya hana ni barci ke nan.

Talata da hantsi ita ta fara fita,
goyo a baya, ludayi a hannu,
tana dukan jarka wofi, ba ta ce wa kowa zo ba.
Birni ta ji, Zango ta amsa.
Majema suka taso da jan hannuwansu,
ƴan kabu-kabu suka kashe inji suka biyo a ƙasa,
ƴan lakwal suka bar alli a kan tebur,
Kasuwar Dole ta yi shiru kamar ana sallar gawa.
Na juye barona, na raba jarkunana goma sha biyu.

Gari ne mai duwatsu, amma ba wanda ya ɗau ko tsakuwa.
Roba kawai muke duka,
dum, dum, kamar cikin da ya kwana da yunwa.

A bakin ƙofa wani yaro ne da bindiga,
rana ta dafa masa wuya, yatsansa na rawa.
Tafintansu Nafi'u ne, ɗan unguwarmu,
ni na kai ruwan wankan sunansa.
Ya ce, sun ce ku koma gida.
Tsoho Kiyari ya ce, faɗa musu muna ciki.

Sai barkonon tsohuwa.
Mutum dubu na neman ruwan wanke ido
da jarka dubu, ba ɗigo.
Yaron nan ya gangaro da gora ta ƙarƙashin waya.
Tsahara ta ɗauka, ta wanke fuskar jinjirinta,
ta rufe sauran ta mayar masa.
Ta ce, Nafi'u, gaya masa na gode,
amma ba a yi wa mutum sadaka da tulun ɗakinsa.

Mun rataye jarkunan a jikin wayar muka juyo.

Ba su tafi ba tukuna, kada in yi ƙarya.
Kiyari na kwance, ƙirjinsa na kukan kura,
ni kuma barona na kife, ba jari.
Sai dai Nafi'u ya bar aikin,
kuma ya ce in dare ya raba, iska ta taso daga gabas,
jarkunan na bugun waya har asuba,
masu gadi na ta haska fitila
suna neman wanda ke ƙwanƙwasa musu ƙofa.