Zagayen Kore a Faifan Gwaggo

Shekarar da yana ta rufe idon Gwaggo Magaram
ni aka ba aikin gani.
Gidanmu a Birni yake, jingine da dutse,
inuwarsa ba ta isowa sai bayan azahar.
Nan take shimfiɗa ƙafa,
kaba a jiƙe cikin tsohuwar tasa,
tana tsage ta da farce, siriri-siriri.

"Ja," in miƙa mata ja.
"Baƙi," in miƙa baƙi.
Basilla ta nutse, ta ɓullo,
faifai na tasowa daga cibiya
yana kewaya kansa kamar ruwan tafki
da aka jefa wa tsakuwa.
Ba ta ƙirge da baki.
Babban yatsanta, wanda kaba ta mayar ƙirgi,
shi ke riƙe da lissafi.

Wata Laraba, gobe kasuwar Dole,
saura faifai ɗaya a cika goma,
ƴan uwana na can waje suna carafke,
ina jin ƙarar duwatsunsu har cikin ƙashina.
Ta ce, "Ja."
Jan ya yi nisa, sai na tashi.
Kore ne kusa da gwiwata.
Na miƙa.

Ta ja shi tsakanin leɓɓanta
yadda take yi wa kowane sili.
Ta tsaya.
Karan dafi da galura ba ɗanɗanonsu ɗaya ba,
ban san haka ba sai daga baya.
Na jira dundu, dundu bai zo ba.
Ta soka basilla, ta ci gaba,
ta ce, "Ƙaro irinsa,"
har koren ya zagaye faifan kaf
tsakanin ja da ja,
kamar baƙon da ya ɓata hanya ya zauna tsakiyar dangi.

Da safe tara ta ɗora mini a ka.
Na goma ta rufe ƙwaryar furarta da shi.
"Wannan ba na sayarwa ba ne,
mutum biyu suka saƙa shi."

Yau tiren roba ya cika rumfuna,
mai kaba daga Mirriya ya rage zuwa,
Gwaggo ta riga mu kwanciya da damina bakwai.
Ina saƙa, ba kamar ita ba,
bakin nawa yakan karkace.
In ƴata ta zauna miƙo mini kaba
idonta na bakin ƙofa,
nakan rufe nawa idon da gangan,
in ce, "Ja,"
in buɗe tafi,
in jira abin da za ta sa mini.

Faifan na nan a kan randa.
Jan ya koɗe, baƙin ya yi toka,
gefe ɗaya gara ta ɗanɗana.
Koren ne dai ya ƙi tsufa.