Takardar Haladu

Shekara uku ina yawo da takarda ɗaya,
ta sha ninki har ta yi laushi kamar tsumma.
A jikinta na rubuta: mai ƙwazo, mai gaskiya,
mai haƙuri da jama'a.
Duk ofishin da na kai ta, sai a ce za a neme ni,
shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Ran Talata, a Kongo, na shiga shagon Barira
in sake buga ta, don tawadar ta koɗe.
Janareta na tari a bakin ƙofa.
Ta karanta sau ɗaya, ta kife ta kan tebur.
"Haladu, wannan ai kowa ne.
Mutum tara suka zo jiya,
taran nan duk masu ƙwazo ne.
Kai me ka yi?"

Na ce, "Na tsare shago a Sabon Gari,
iri da taki da maganin feshi."
Ta ce, "Kwaɗo ma yana tsare shago.
Me ka tarar, me ka bari?"

Na yi shiru. Muryar Baba na cikin kunnena,
daga zaurenmu na Limancin Kona,
allura a hannu, hula a gwiwa:
yabon kai jahilci.

Sai na tuna littafin bashi,
wanda ɓera ya cinye wa kusurwa.
Manomi arba'in da ɗaya na tarar a ciki,
wasu a Giwa, wasu a Soba.
Na bi su da babur ɗin aro ranakun kasuwa,
ban zagi kowa ba, na sha furar kowa.
Kafin kaka ta biyu saura mutum huɗu,
ɗaya ma ya rasu, mai shago ya yafe.

"Ci gaba," in ji ta,
yatsunta na tsattsaga kamar kaji a kan tsaba.

Na tuna daminar farko,
ruwa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa,
buhu goma sha biyu na irin masara ya tsiro cikin duhu.
Na roƙi guntayen katako wurin Ilu kafinta,
na ɗaga buhunan taki ɗaya daga ƙasa.
Damina biyu ko ƙwaya ba ta jiƙe ba.

Na tuna Mati, yaron aike,
da bakwai sau takwas ke sa shi gumi.
Yau littafin na hannunsa.

Ni ban ɗauki waɗannan komai ba.
Na ce, "Barira, kunya nake ji."
Ta ce, "Babanka in ya gama hula,
ƙarƙashin tabarma yake cusa ta?
A bakin zaure yake kafa ta,
ba ya cewa uffan, zaren ke magana.
Lissafin nan zarenka ne.
Kada ka ƙara ko ɗaya, kada ka rage."

Ta goge mai ƙwazo, ta goge mai haƙuri.
Na ji kamar an tuɓe min riga a kasuwa.
Takardar ta fito da ɗuminta, shafi ɗaya,
ta fi ta dā gajarta, ta fi ta nauyi.

Bayan magariba na karanta wa Baba,
don shi ajami ya sani.
Bai ɗago ba har na kai ƙarshe.
Ya ciji zare, ya tofar,
ya ce, "Ashe kai ka ɗaga buhunan?"
Ya sake zura allura.
"Ukun nan da suka rage, su wa ye?"

Gobe zan kai ta hanyar Shika,
wani kamfanin iri na neman ma'aji.
Ko su kira, ko kada su kira.
Na sa ta cikin leda saboda hadari,
kuma wannan karon ban ninke ta ba.